Asalin Gida da Kamawar Sabuwar Shekara

Kowane gida yana da asali, amma ba kowane gida ne ya san nasa ba. A ƙasar Hausa tun da, sarakuna suka fi kowa sa'a wajen wannan, gama suna da maroƙa masu jera sunayen kakanninsu, da malamai masu rubutawa. Littafin Tarihin Kano ya kawo sarakuna tun daga Bagauda har kan Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1893. Da Larabci aka rubuta shi, sa'an nan aka buga shi da Hausa a 1933 cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu.

Amma ba fada kaɗai ta yi wannan hattara ba. A shekara ta 1061 bayan Hijira, watau wajen 1650, wani malami ya rubuta asalin Wangarawan Kano. Ya faɗi yadda shugabansu Abdurrahman Zaite ya taso daga Mali da niyyar aikin hajji, har ya zauna a Kano, ya kuma lissafa zuriyarsa. Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Yaji suka zo, shi kuwa wannan littafi ya ce a zamanin Muhammadu Rumfa ne, tsakaninsu kimanin shekara ɗari. Ba don 'yan takardun nan ba, da masana ba su sami abin gwadawa da labarin fada ba.

Talakawa kuwa a ka su ke ajiye nasu, kai kuwa kabari ya kan tafi da shi. Wata tsohuwa da a ke kira Baba ta Karo ta kuɓutar da nata da ƙyar. Cikin 1949 da 1950, a ƙasar Zazzau, ta ba wata Baturiya, Mary Smith, labarin kakanninta Barebari, da harin bayi, da zuwan Turawa. Ta rasu a 1951, littafin ya fito a 1954. Dubban tsararrakinta sun tafi da nasu, ba wanda ya tambaye su.

Sabuwar shekara ita ce lokacin da ya dace da wannan aiki. A watan Muharram, watan cika-ciki, taubasai kan nemi juna saboda kuɗin shara. Wasa ne, amma yana tuna wa ɗan mace da ɗan namiji cewa tushensu ɗaya. Mai hankali sai ya ɗora niyya uku a kan wannan al'ada. Ta farko, ya zauna da tsohon da ya fi kowa shekaru a gidansu, mace ko namiji, ya rubuta sunayen kakanni, da garin da suka fito, da sana'arsu. Ta biyu, ya nemi shekarun da manyan al'amura, kamar cin Kano a 1903, da isowar jirgin ƙasa a 1911, da babbar yunwa ta 1914, gama tsofaffi da su su ke ƙidaya. Ta uku, ya rubuta abin da aka gaya masa daidai, kada ya jingina gidansu da sarauta ko sharifta don neman girma.

In ya gama, sai ya kwafe, ya ba wani ɗan'uwa ajiya, saboda gobara da gara. Wanda ya iya karatu da rubutu ba shi da sauran hanzari, kuma ba wanda ya san ko tsohon da ya ga wannan wata zai ga na baɗi. Allah ya sa a dace, amin.