Majami'ar 'Yan Wasan Kwaikwayo ta New York

Majami'ar 'Yan Wasan Kwaikwayo, wadda sunanta na hukuma shi ne Ezrath Israel, wurin ibadar Yahudawa ne da ke kan Titi na 47 na yamma a Manhattan, cikin birnin New York na Amurka. Ƙananan 'yan kasuwar unguwar ne suka kafa ta a 1917, aka kammala ginin a 1923.

Da yake tana dab da Broadway, cibiyar gidajen wasan daɓe, limaminta Bernard Birstein ya buɗe wa mawaƙa da 'yan barkwanci ƙofa a zamanin da wasu majami'u ke yi musu kallon marasa kamun kai. Sophie Tucker da Milton Berle da Jack Benny suna cikin waɗanda suka riƙa zuwa, kuma taurarin sukan shirya wasan shekara-shekara don tara mata kuɗi.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu masu zuwa suka ragu, saboda da yawa sun koma Hollywood. A 2005 aka sanya ginin cikin jerin wuraren tarihi na ƙasar. Tun 2006 ake ba da hayar zaurenta ga masu wasan kwaikwayo, kuɗin hayar na taimakawa wajen ci gaba da ibada a cikinta.