Naffa: Tarihin Garin Tabar Hanci a Ƙasashen Magrib

A kasuwannin Tunis, Fas da Kusantina, har yau ana ganin dattijo ya zaro 'yar batta daga aljihu, ya zuba gari kaɗan a bayan hannunsa, ya kai hanci ya shaƙe. Mutanen Tunisiya suna ce wa wannan gari naffa, a Maroko a ce tanfiha, a Masar kuwa nushuƙ. A Aljeriya akwai 'yar'uwarta shamma, wadda galibi a leɓe ake cusa ta. Bahaushe ba baƙon abin ba ne, domin shi ma ya san taba gari, ya san batta, ya kuma san kanwa.

Asalin taba daga nahiyar Amurka take, Turawan Sifaniya da Fotugal ne suka yaɗa ta a duniya. Abin mamakin shi ne, malaman tarihin Maroko sun rubuta cewa ta kudu ta shigo musu. Bayan rundunar Sarki Ahmad al-Mansur ta ci daular Songhai a yaƙin Tondibi a 1591, an riƙa kai masa kyaututtuka daga yankin Tumbuktu, ciki har da giwa. Masu kula da giwar suna shan taba, suna cewa magani ce, daga nan ta bazu a Dar'a da Marrakesh da Fas. Ke nan tun ƙarshen ƙarni na 16 ayarin Sahara ya haɗa mu da su a kan wannan ganye.

Shigowarta ke da wuya sai malamai suka rabu. Ahmad Baba na Tumbuktu, wanda aka kai Marrakesh a matsayin fursuna a 1594, ya rubuta fatawa a 1607 yana halatta ta, bisa hujjar cewa ba ta gusar da hankali. A Masar, Ibrahim al-Laƙƙani ya haramta, Ali al-Ujhuri ya halatta, alhali dukansu Malikawa ne. A Istambul, Sarki Murad na huɗu ya hana shan taba a 1633 da hukunci mai tsanani. Irin wannan matsi ya taimaki garin hanci, tunda ba ya hayaƙi, ba ya buƙatar wuta, mutum na iya shaƙa a ɓoye ba wanda ya sani. Daga baya ɗarikar Tijjaniyya, wadda Shehu Ahmad Tijjani ya kafa kafin rasuwarsa a Fas a 1815, ta hana mabiyanta taba, kuma wannan hani ya iso har ƙasar Hausa.

To me ake haɗawa a cikin naffa? Abu na farko ganyen ne. Tabar da ake noma wa sigari ita ce Nicotiana tabacum, sinadarin nikotin ɗinta yakan tsaya tsakanin kashi 1 zuwa 3 cikin ɗari. Naffar gargajiya kuwa galibi daga Nicotiana rustica take, gajeriyar taba mai kaurin ganye da ke jure zafi, wadda nikotin ɗinta kan kai har kashi 9 cikin ɗari. An daɗe ana noma ta a dausayin Sahara, irin su Tuwat da Wadi Suf a Aljeriya, shi ya sa ake kiran wani irinta sufi a Tunisiya. Ana shanya ganyen ya bushe ƙayau, a daka, a tankaɗe har ya yi laushi kamar kwalli.

Abu na biyu shi ne mahaɗi: toka, ko kanwa, ko farar ƙasa. A nan sirrin ƙarfin yake. Nikotin da ke cikin ganye a ɗaure yake, ba ya saurin ratsa fatar cikin hanci. Idan aka zuba kanwa ko toka, sai ta kwance shi, ya shiga jini cikin 'yan mintuna. Wannan ne dalilin da ya sa sabon shiga yakan yi atishawa, hawaye su zubo, kansa ya juya, wani har da amai. Kakanninmu da ke haɗa taba da kanwar Manga ko ta tafkin Chadi, da Buzaye masu taunawa da toka, da mutanen Sudan masu tumbak, duk hikima guda suka gano ba tare da sun shiga ɗakin gwaji ba.

Ta fuskar ɗabi'a, naffa busasshiya ce, mai laushi, launinta daga ruwan ƙasa zuwa kore-kore, ƙamshinta na ganye da ƙasa. Ta sha bamban da garin hancin Turai na yau, wanda ake cika wa mantol da turaren 'ya'yan itace. Wasu gidaje a Magrib sukan ɗan sa ruwan fure ko wani ƙamshi, amma masu ita sun fi auna ta da yadda take harbi a hanci.

Inda malamai suka yi ta gardama, masu mulki lissafin kuɗi suka yi. Sarakunan Tunis da na Maroko sun mayar da cinikin taba na fada, ba mai sayarwa sai da izini. Da Turawa suka zo sai suka gaji tsarin. Taron Aljesiras na 1906 ya tanadi a ba da kwangilar tabar Maroko, a 1910 ta faɗa hannun kamfanin da bankunan Faransa ke jagoranta. Bayan 'yanci, Aljeriya ta mayar da masana'antar hannun gwamnati a 1963 ƙarƙashin SNTA, Tunisiya kuma ta kafa RNTA a 1964. 'Yan ci-rani da suka tafi Faransa da Beljiyam sun tafi da al'adarsu, har ta kai ana sarrafa Neffa Ifrikia da Makla Ifrikia a Beljiyam ana sayarwa cikin ƙananan gwangwanaye.

Sai dai mai karatu kada ya ɗauka rashin hayaƙi lafiya ne. Hukumar binciken cutar daji ta duniya, IARC, ta sanya tabar da ba a kunna wa wuta cikin rukunin farko na abubuwan da ke haddasa daji, saboda sinadaran nitrosamin da ke fitowa yayin busarwa da ajiya. Ga kuma kamu: gwargwadon saurin shigar nikotin jini, gwargwadon wuyar rabuwa da shi. Lokacin da Ahmad Baba ya yi fatawarsa, tambayar da ke gabansa ita ce ko taba na sa maye, ilimin da ke nuna illarta ga jiki kuwa sai bayan fiye da shekara 300 ya bayyana.

A da, batta kayan dattijai ce, ana miƙa ta a majalisa kamar yadda muke miƙa goro. Yanzu a biranen Aljeriya da Maroko samari ne suka rungume ta, saboda ta fi sigari arha kuma ana iya ɓoye ta a aji ko a wurin aiki. Mu da kanwa ke cikin kowace kasuwa tamu, ya kamata mu lura da abin da ke faruwa a gidan maƙwabci, domin in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.