Daga Ina Ikon Dagaci Ya Samo Asali?

Wani manomi mai sauraronmu daga ƙasar Dawakin Kudu ya rubuto cewa rikicin iyakar gona ya haɗa shi da maƙwabcinsa, yana tambaya: shin maganar dagaci ce ta ƙarshe?

To malam, sai mu ɗan koma baya. A da, ƙauye gidaje ne a tsakiyar gonakin gero da dawa, ga fadama, ga burtali inda shanu ke bi. Mai unguwa na ƙarƙashin dagaci, dagaci na ƙarƙashin hakimi. Amma yawancin hakimai a birnin Kano suke zaune, sai dai su aiko jakada ya karɓi kuɗin ƙasa. Dagaci shi ke ba baƙo gona, shi ya san kukar da ta raba gonar wane da ta wane.

Da Turawa suka ci Kano a 1903, ba a jima ba suka tura hakimai su zauna a gundumominsu, dagaci ya zama mai tara wa En'e haraji. A 1976 aka kafa ƙananan hukumomi, dokar filaye ta 1978 ta ba su ikon ba da takardar filin karkara. A 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali.

Saboda haka yau dagaci mai sulhu ne kuma shaida, hukunci kuwa na kotu ne. Amma shawararmu, malam, ka fara zuwa wurinsa da dattawan da suka san iyakar, tun damina ba ta faɗi ba. Allah ya daidaita ku.