Tarihin Kai Ɗaukin Gaggawa ga Wanda Ya Gigita a Fannin Jinyar Masu Taɓin Hankali

Wannan maƙala za ta bi diddigin yadda ƙa'idojin kai ɗauki ga mutumin da musiba ta gigita suka samo asali, har suka zama ɓangare na horon ma'aikatan jinya. An zaɓi kalmar "gigita" a nan bisa dalili. Masu fassara sun saba amfani da "rikici", amma rikici a Hausa yakan nuna saɓani tsakanin ɓangarori biyu, alhali abin da ake nufi shi ne halin da lafiyayyen mutum kan shiga idan abin da ya same shi ya fi ƙarfin dabarun da ya saba warware matsala da su.

Ba a gidajen da ake tsare masu taɓin hankali aka haifi wannan ilimi ba. Fagen fama da gobara su ne suka haife shi. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, likitan sojan Amurka Thomas Salmon ya je Ingila a 1917 don nazarin sojojin da rugugin yaƙi ya firgita. Abin da ya tsaya a kai shi ne a kula da soja kusa da rundunarsa, a yi hakan ba tare da jinkiri ba, a kuma nuna masa ana sa ran zai warke ya koma bakin aiki. Haƙiƙa buƙatar runduna ce ta haifar da tsarin, domin sojoji ake so a mayar daga, amma ƙa'idojin sun rayu bayan yaƙin.

Babban tushe shi ne gobarar da ta tashi a gidan rawa na Cocoanut Grove da ke birnin Boston a ranar 28 ga Nuwamba, 1942, wadda ta halaka mutum 492. Erich Lindemann, likitan ƙwaƙwalwa a Babban Asibitin Massachusetts, ya zauna da waɗanda suka tsira da kuma dangin mamatan. A maƙalarsa ta 1944, wadda ta shafi mutum 101 da suka yi rashi ta hanyoyi daban-daban, ya bayyana alamomin da suka yi tarayya a kai: shaƙewar maƙogwaro, yawan ajiyar zuciya, ganin surar mamaci a zuci ba yankewa, zargin kai, saurin fushi, da kasa gudanar da al'amuran yau da kullum. Ya nuna cewa waɗannan ba hauka ba ne, aikin baƙin ciki ne da dole mai shi ya yi, kuma zama takwas zuwa goma cikin mako huɗu zuwa shida kan isa a daidaita wanda baƙin cikinsa bai cakuɗe da wata cuta ba. Bahaushe mai lura zai ga cewa sadakar arba'in tana faɗowa ne dab da ƙarshen wannan wa'adi, ko da yake babu wata alaƙa ta tarihi tsakanin al'amuran biyu.

Gerald Caplan na Jami'ar Harvard shi ne ya mayar da wannan lura ta zama ra'i, musamman a littafinsa na 1964 kan rigakafin taɓin hankali. A ganinsa gigita tana da matakai: damuwa ta taso, dabarun da aka saba su gaza, mutum ya laluɓi sababbi, idan su ma suka gaza sai al'amuransa su wargaje. Muhimmin abin da ya ƙara shi ne cewa a cikin waɗannan 'yan makonni mutum ya fi karɓar taimako, don haka ƙaramin ɗauki a kan kari ya fi doguwar jinya bayan an makara. Tun ran gini tun ran zane ke nan. Dokar da Shugaba Kennedy ya sa wa hannu a 1963 ta kafa cibiyoyin lafiyar ƙwaƙwalwa a cikin unguwanni, kuma hidimar gaggawa tana cikin abubuwan da aka wajabta musu.

A nan ne ma'aikatan jinya suka shigo, kuma masu rubuta tarihin fannin ba su cika ba su haƙƙinsu ba. Tun 1952 Hildegard Peplau ta kafa hujjar cewa hulɗar mai jinya da majiyyaci ita kanta magani ce, ba rakiyar umarnin likita kaɗai ba. A 1970 Donna Aguilera da Janice Messick, dukkansu ma'aikatan jinya, suka fitar da littafin da ya sauƙaƙa ra'in Caplan zuwa tambayoyi uku: yaya mutumin yake kallon abin da ya faru, su wa yake da su da zai jingina da su, kuma da wace dabara ya saba jure wahala? Kafin waɗannan duka, mai jinya zai tabbatar ko akwai haɗarin mutum ya kashe kansa ko ya cutar da wani, kuma tambayar kai tsaye ake yin ta, ba da kewaye-kewaye ba.

Tambaya ta biyu ba baƙuwa ba ce a Nijeriya. A 1954 Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyukan Aro kusa da Abeokuta, inda majiyyaci ke zama a gidan mutanen ƙauye tare da wani ɗan'uwansa, yana zuwa asibiti karɓar magani. Sai dai doka ta daɗe a baya: Dokar Mahaukata ta 1958, wadda ta gaji ta Turawan mulkin mallaka ta 1916, tsarewa ta fi mayar da hankali a kai, kuma ba a maye gurbinta ba sai a Janairun 2023.

Fannin ya kuma yi wa kansa gyara. Daga 1983 wata hanya da Jeffrey Mitchell ya tsara ta bazu, wato tara waɗanda musiba ta shafa cikin 'yan kwanaki su zayyana abin da suka gani da yadda suka ji. Bincike na baya ya nuna cewa zama ɗaya irin wannan ba ya hana ciwon firgici mai ɗorewa, wani lokaci ma yakan fama gyambon. Jagoran da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar tare da abokan aikinta a 2011 ya koma ga abu mai sauƙi: a duba tsaron mutum da buƙatunsa, a saurare shi ba tare da tilasta masa magana ba, sannan a sada shi da danginsa da wuraren samun taimako.