Daga safar roba zuwa jijiyar ɓera: Yadda ake horar da likitoci kan fiɗa a ƙarƙashin madubi

Idan injin niƙa ya guntule wa mutum yatsa, ko ciwon daji ya sa an cire wani sashe na muƙamuƙinsa, gyaran yakan dogara ne kan ɗinke jijiyoyin jini waɗanda faɗinsu bai wuce milimita ɗaya zuwa uku ba. Wannan shi ne fannin fiɗa a ƙarƙashin madubin ƙara girma, wato maikuroskof. Zaren da ake amfani da shi, mai lamba 9-0 ko 10-0, ya fi gashin kan mutum siriri, kuma ɗinki ɗaya da ya karkace ya isa ya sa jini ya daskare a jijiya, naman da aka dasa ya mutu. Saboda haka ba a fara koyon wannan aiki a jikin majiyyaci. Ana farawa ne a ɗakin gwaji, a kan abubuwan da ke tsayawa a madadin jikin ɗan Adam.

Asalin fannin

Likitan kunne ɗan ƙasar Suwidin, Carl-Olof Nylén, shi ne ya fara shigar da madubin cikin aikin fiɗa a 1921. A 1960 Julius Jacobson da Ernesto Suarez na Jami'ar Vermont a Amurka suka nuna cewa za a iya haɗa ƙananan jijiyoyin jini a ƙarƙashinsa. A 1964 Harry Buncke ya ba da rahoton mayar da kunnen zomo bayan an yanke shi, aikin da ya yi ta gwadawa a garejin gidansa a Kalifoniya. Shekara guda bayan haka Susumu Tamai da Shigeo Komatsu suka mayar wa wani mutum babban yatsansa a Japan. Tun farkon fannin ke nan, ɗakin gwaji ne ke share wa ɗakin tiyata hanya.

Matakin farko: abubuwa marasa rai

Abin da mai koyo ke fara fama da shi shi ne rawar hannu, domin madubin yana ƙara girman kowane motsi kamar yadda yake ƙara girman jijiya. Akan koya masa zama daidai, da jingina gefen hannu a kan tebur, da riƙe hantsaki kamar alƙalami. Daga nan sai a miƙa masa safar hannu ta roba da aka ɗaure a kan katako aka tsaga, ya yi ta ɗinkewa yana ƙulla zare ba tare da ya ɗaga ido daga madubi ba. Wasu cibiyoyin kan jera allurai a da'ira kamar lambobin agogo, mai koyo ya zura zare ta kafar kowace. Bayan wannan sai siraran bututun silikon, inda zai fara sanin yadda ake haɗa baki biyu masu zagaye.

Waɗannan kayan suna da arha kuma ba sa lalacewa, amma roba ba ta da laushin nama, ba ta kuma yagewa yadda bangon jijiya ke yagewa idan an ja shi da ƙarfi.

Mataki na biyu: naman da ba shi da rai

A nan ne kaza ta samu matsayi. Cinyar kaza tana ɗauke da jijiyar da ke kai jini, da wadda ke dawo da shi, da kuma jijiyar saƙo, duka a jere. Faɗin jijiyoyin jinin kusan milimita biyu zuwa uku ne. Fiffiken kaza kuwa yana da jijiya mai kusan milimita ɗaya, kwatankwacin ta yatsan mutum. Mai koyo zai fiɗe naman, ya ware jijiyar daga abin da ke kewaye da ita, ya yanke, sannan ya ɗinke. Domin a gane ko ɗinkin ya yi, akan ɗura ruwa mai launi ta ƙaramin bututu a ga ko zai wuce ko zai yoyo. Akan kuma tsaga jijiyar a duba cikinta.

Ana amfani da jijiyoyin zuciyar alade, da kuma mabiyiyar mace bayan haihuwa idan ta ba da izini. Likitocin ƙwaƙwalwa na son mabiyiya saboda yawan jijiyoyinta masu girma daban-daban. Raunin wannan mataki shi ne mataccen nama ba ya zubar da jini, jinin kuma ba ya daskarewa, don haka ɗinki mai aibi yana iya yi wa ido kyau.

Mataki na uku: ɓera mai rai

Shekaru da dama ɓeran ɗakin gwaji shi ne ma'aunin ƙwarewa. Ana yi masa allurar barci, a buɗe matsematsinsa, a fito da jijiyar cinya mai faɗin kusan milimita ɗaya, a danne ta da ɗan maƙali, a yanke, a haɗa da ɗinki takwas ko kusa da haka. Da an saki maƙalin, jini ne zai yanke hukunci. Idan allura ta kama bangon baya, ko fatar wajen jijiya ta faɗa ciki, hanya za ta toshe cikin mintoci. Akwai gwajin da ake dangantawa da Robert Acland, likitan da ya ƙera da yawa daga kayan aikin fannin: a tatse jinin daga wani ɗan sashe bayan wurin ɗinkin da hantsaki biyu, a saki na sama, a ga ko jijiyar za ta cika nan take. Kwasa-kwasan farko galibi na kwana biyar ne, kimanin sa'o'i 40.

Sai dai kiwon ɓeraye na buƙatar kuɗi, da likitan dabbobi, da amincewar kwamitin ɗa'a. Tun 1959 masana biyu na Ingila, William Russell da Rex Burch, suka gindaya ƙa'idoji uku kan gwaji da dabbobi: a musanya su da wani abu idan zai yiwu, a rage adadinsu, a kuma sassauta musu wahala. Bisa wannan ne cibiyoyi da dama ba sa barin mai koyo ya taɓa ɓera sai ya nuna iyawa a kan kaza.

Amfaninsa ga ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi

Madubin tiyata yana da tsada, kuma asibitoci kaɗan ne ke da na koyo. Wannan ya sa ake gwada ƙaramin madubin tebur, har ma da kyamarar wayar hannu da aka ɗora a kan maɗauki, domin likita ya yi atisaye a gida, duk da cewa allon waya ba ya nuna zurfi kamar madubi mai ido biyu. Buƙatar kuwa a fili take a Nijeriya: akwai haɗurran hanya da na injuna, akwai kuma cutar Noma mai zaizaye fuskar yara, wadda aka kafa asibiti na musamman dominta a Sakkwato a 1999, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su a Disambar 2023. Raunukanta masu tsanani sukan buƙaci a ɗauko nama da jijiyoyinsa daga wani sashen jiki a dasa a fuska.

Ƙwarewar hannu a wannan fanni tana dusashewa idan an daɗe ba a yi ba, shi ya sa hatta manyan likitoci kan koma kan tebur kafin aiki mai wuya. Abin da wannan atisaye ke buƙata a mafi yawan lokuta shi ne madubi, da hantsaki, da zare, da cinyar kaza daga kasuwa.