Formula 1: Abin da ke kai matashin direba sahun ukun farko

A tseren motoci na Formula 1, direbobi ukun da suka riga kowa tsallake layin ƙarshe ne kaɗai ke hawa dandamalin karɓar kofi. Duk mai son hasashen ko sabon direba zai kai can, motar da aka damƙa masa ya kamata ya fara dubawa kafin gwanintarsa, domin ƙungiyoyi ƙalilan ne ke ƙera motar da za ta iya shiga gaba. Lewis Hamilton ya zo na uku a tserensa na farko, a Ostireliya a 2007, amma fa a motar McLaren, wadda ke cikin mafi gudu a shekarar. Nico Hülkenberg kuwa, da ya shafe shekaru a motocin tsaka-tsaki, sai a tserensa na 239 ya taka dandamalin, a Ingila a 2025.

Bayan mota, sai gurbin da direba ya samu a gwajin gudun da ake yi kafin ranar tsere. Wanda ya tashi kusa da gaba shi ke cin gajiyar tsautsayin manya. Isack Hadjar na Racing Bulls ya tashi daga gurbi na huɗu a Zandvoort ta ƙasar Holan a 2025, ya ƙare na uku bayan motar Lando Norris ta lalace ana dab da kammalawa. Shi ma Max Verstappen, da ya lashe tseren Sifaniya a 2016 yana ɗan shekara 18, sai da motocin Mercedes biyu suka yi karo da juna a zagayen farko.