Katin Sayayya Na Gwamnati A Amurka: Ƙa'idojin Amfani Da Shi

Katin sayayya na gwamnati kati ne na banki da ake damƙa wa ma'aikaci domin ya sayo wa ofishinsa ƙananan kayayyaki ko ya biya kuɗin wani ɗan aiki, ba tare da an bi dogon matakin bayar da kwangila ba. Sunan ma'aikacin ne a jikin katin, amma hukumarsa ce ke biyan banki.

A Amurka, hukumar GSA mai kula da kadarori da sayayyar gwamnatin tarayya ce ke tafiyar da shirin, wanda ake kira SmartPay tun daga 1998. Bankuna biyu ne ke bayar da katunan a ƙarƙashin yarjejeniyar da ta fara aiki a 2018, wato Citibank da U.S. Bank.

Ƙa'ida ta farko ita ce iyakar kuɗi. Wata doka ta 1994 ta ƙayyade dala 2,500 a matsayin ƙaramar sayayya, wadda ba ta buƙatar gasar 'yan kwangila muddin farashin bai wuce kima ba. An yi ta ɗaga iyakar har ta kai dala 10,000, sannan ta zama 15,000 a watan Oktoba na 2025. Sai dai aikin gini ya tsaya a dala 2,000.

Ƙa'ida ta biyu ta haramta raba sayayya ɗaya gida-gida domin kauce wa iyakar. Ma'aikacin da ke buƙatar kujeru na dala 20,000 ba shi da ikon ya biya ɗan kasuwa sau biyu, dala 10,000 kowanne. Haka kuma ba a yarda a sayi abin amfanin kai da katin ba, ko da da niyyar mayar da kuɗin daga baya.

Ta uku ita ce sa ido. Wajibi ne mai katin ya samu horo kafin a ba shi, ya adana rasiɗai, ya kuma daidaita lissafinsa da na banki kowane wata. Wani jami'i na daban ne ke duba lissafin ya amince da shi.

Ba banza aka tsaurara ba. A 2008, ofishin binciken kuɗi na majalisar dokoki, GAO, ya kiyasta cewa kusan kashi 41 cikin 100 na sayayyar da aka yi da katunan ba su cika sharuɗɗan izini ko na shaidar karɓar kaya ba. Majalisa ta zartar da dokar hana cin zarafin katunan a 2012, wadda ta ɗora wa sufetocin ma'aikatu nauyin bincike lokaci-lokaci, ta kuma tanadi hukunci har da kora daga aiki.

Ga ɗan kasuwa, amfanin tsarin shi ne kuɗinsa na shiga cikin 'yan kwanaki maimakon jiran takardun biya. Ga ma'aikaci kuwa, duk dalar da ta fita da sunansa aka rubuta ta, kuma shi za a tambaya.